Minti Goman Kadi

Kadi ƴar kawuna ce, ni kuma ɗan gwaggonta, wato taubashiyata ce ta jini, wadda aka halatta mini in zaga tun daga ɗankwali har silifa ba mai cewa don me. Ita ma haka. Da wannan izini aka haife mu, kuma ni na yi aiki da nawa har ya kusa ƙarewa. Gida ɗaya muka tashi a Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogi a Yamai, gidan da Kawu Ibrahim ya gina da tuƙin babbar mota bayan ya baro Madawa, ya jawo ƙanwarsa Hamsatu, uwata, ya ba ta ɗaki biyu daga can ƙurya kusa da turken dabbobi.

Tun tana shekara bakwai aka san kan Kadi ba daidai yake ba. Ƴaƴa mata suna goyon ƴar tsana, ita tana goyon ɗan tsako mai karyayyar ƙafa, ta ɗaure masa da tsinken tsintsiya da zaren da ta sato a kwandon Inna. Ba akuyar da za ta yi tari a unguwarmu Kadi ba ta je gaisuwa ba. Na rantse akwai shekarar da kaji suka riƙa raka ta lakwal, wato makaranta, su tsaya a bakin ƙofa har a tashi. Ni kuwa lakwal ba ta karɓe ni ba. Aji shida na maimaita sau uku, har malamin ya fara gaishe ni kamar abokin aiki, sai Kawu ya kai ni wajen tela. Can na samu kaina, Sadiƙ tela, ga shagona nan kusa da tashar ƙananan bas ɗin haya da ake kira faba-faba.

Kadi ta ci jarabawa ta wuce, ta ci ta wuce, har aka tura ta Dakar shekara shida. Da labari ya zo cewa likita za ta zama, Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka fito. Da aka ƙara mata bayani cewa likitar dabbobi ce, sai ta tambaya ko mutanen ne suka ƙare. Ranar da Kadi ta dawo ni na ɗinka mata farar rigar aiki, bulus kamar yadda suke cewa, da yadi mai kauri, aljihu uku, na rubuta sunanta a ƙirji da koren zare. Na gaya mata na yi aljihun manya ne don ta riƙa zuba kashin awaki. Ta ce ta gode, wannan ce riga ta farko da na ɗinka hannuwanta suka zo tsawo ɗaya.

Ta kama aiki a wani ɗan asibitin dabbobi kusa da kasuwar dabbobi ta Turaku, wajen wani dattijo, Likita Yacouba, wanda shanu suka harba a wurare da yawa har tafiyarsa ta koma kamar ta mai hawa matakala. Kullum da safe ta haye gada a kan moto, wato babur, jakar aiki ɗaure a baya. Wayarta ba ta hutawa. A wajen biki a kira ta, a wajen zaman makoki a kira ta, tana cikin cin abinci a kira ta, ta bar lomar a kwano. Dangi kuwa sun ɗauke ta kamar rijiyar gida. Duk wanda kakarsa ta taɓa gaisawa da kakarmu yana da haƙƙin a duba masa tunkiya.

Amma ba yawan kiran ne wahalar ba, lokacin kiran ne. Mutanenmu ba sa neman likita ranar da dabba ta ƙi cin abinci. Sai an ba ta kanwa, an ɗura mata mai, an fasa mata ƙwayar magani ta kan tebur, an tofa mata addu'a, maƙwabci ya zo ya faɗi nasa. Sai ta kwanta ta miƙe wuya tukuna a tuna da lambar Kadi. Kuma kafin a kira ta an riga an wasa wuƙa, don kowa ya sani dabbar da ta mutu ba yanka mushe ce, ba ci ba sayarwa, sai a ja ta a yar. Saboda haka duk inda Kadi ta durƙusa da allurarta, akwai namiji tsaye a kanta da wuƙa, ido ɗaya kan numfashin dabba, ido ɗaya kan hannunta. Likitan mutane bai san wannan ba. Ba wanda ke tsayawa a bayansa da likkafani yana duba agogo.

Maganarta guda ce a irin wannan wuri: ku ba ni minti goma. Da waɗannan minti goma ta tayar da dabbobin da in an jera su za su cika gada daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ba wanda ya riƙe ko ɗaya a kai. In dabba ta tashi, a ce kwananta ne bai ƙare ba.

Cikin waɗanda suka yi karatu tare da ita, ɗaya ya koma sayar da wayoyi, ɗaya ya shige biro, aikin ofis, ya rantse ba ya ƙara taɓa wutsiya, wata kuma ta kwashi ciwo wajen karɓar haihuwar shanu da hannu tsirara, ta yi wata da watanni tana zazzaɓi, daga nan mijinta ya ce ya isa. Wannan ya dami Kadi fiye da yadda nake tsammani. Ita da Likita Yacouba suka buɗe wata fada, wato zaman hira da shayi, ta likitocin dabbobi, kowace Asabar bayan la'asar, a bayan asibitinsu ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Dokarsu ta farko, kowa ya zuba wayarsa cikin ƙwarya a rufe da faifai. Sun tsara kowane likita ya samu yini ɗaya a sati da wani zai ɗauki kiransa. Sabon shiga a haɗa shi da tsohon hannu. Sun yi ta fama har safar hannu doguwa ta zama dole. Sai kuma abin da ya fi ba ni dariya: in dabba ta mutu a hannun wani, ya zo ya faɗa a gaban sauran, a saurare shi har ya gama, a ba shi shayin farko. Na sa wa taron suna makokin awaki, na tambaye ta ko ana raba gumba. Ta ce in zo, suna neman wanda za su gwada sabuwar allurar jakuna a kansa.

Haka muke har shekarar ragon Inna.

Balami ne fari, Inna ta saye shi yana ƙarami ta yi kiwonsa shekara biyu don layya. Gwamna take kiransa. Ana yi masa wanka da sabulun da ni ba a ba ni, ana jiƙa masa dusa da ruwan ɗumi, in rana ta yi zafi ta ɗaura masa zanenta ya zama rumfa. Ya yi girman da in ya yi atishawa ƙofar langa-langa sai ta amsa. Saura kwana huɗu salla aka yi suna a maƙwabta, aka kawo ragowar shinkafa cikin babbar roba, Inna ta ga kar a yi almubazzaranci ta ajiye wa Gwamna. Ya share ta tas. Washegari da hantsi cikinsa ya kumbura kamar ganga, ya faɗi gefe ɗaya yana nishi, kumfa a baki.

Ni na ɗauko wuƙa. Na riga na taka ƙahon, na juya shi gabas, Inna ta riƙe mini hannu ta ce a kira Kadi tukuna. Ta iso ko ɗankwalinta bai zauna ba. Ta ƙwanƙwasa cikin, ta saurara, ta buɗe jaka ta ciro wata doguwar roba.

"Gwaggo, ki ba ni minti goma."

Na ce mata numfashin nan bai kai minti uku ba, in ya wuce ba layya ba nama. Inna ta dube ni, ta dubi ragon, ta ce in mayar da wuƙa. Na mayar. Kadi ta zura robar ta maƙogwaro, iska ta ɗan fito, ta sake gyarawa, ta ɗauko wani ƙarfe mai tsini za ta huda gefen cikin. Tana cikin aske wurin Gwamna ya miƙe ƙafafu ya saki. Na zabura da wuƙa, amma ido ya riga ya kafe. Ko ƙafa bai motsa ba da na taɓa shi.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan turmi ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta faɗa sau uku, kowane ya fi na baya sanyi. Kafin mai amalanke ya zo, Kadi ta nace sai ta buɗe cikin. Bayan shinkafar, ta zaro dunƙulen baƙar leda da ya kai matashin kai, ledar da za ta ishi masu tumatir na kasuwar Petit Marché sati guda. Ta ce ya daɗe yana haɗiyarsu, da ma hanyar a toshe take. Ba wanda ya saurare ta. Mu nama muke kallo ana ɗora shi a amalanke.

Wanda ya san Yamai ya san ranar layya ba a ɓoye komai. Kowane gida ya fito da ragonsa a feɗe, a soke shi a sanda biyu, a jera a kewaye wuta a bakin titi, duk mai wucewa yana ƙirgawa da ido. Ƙofarmu ta ɓangaren Inna wayam. Kadi ta so ta kawo wani rago, Inna ta ce ba ta yanka baƙon da ba ta san shi ba. Maƙwabta suka yi ta aiko da cinya da haƙarƙari, kowane kwano da ya shigo sai na ji kamar mari. Da la'asar ina zaune cikin maza wajen wuta, sai ga Kadi ta faka moto, ta fito daga duba naman wasu. Na miƙe na cire hula, na ɗaga murya yadda har bakin kwalta za a ji, na ce jama'a a ba da hanya ga Likitar Mushe, kowa ya rufe ragonsa ko da gasasshe ne, kar ta ba shi minti goma.

Aka yi dariya har wani ya ƙware da ruwa. Kadi ma ta yi, don ba ta da wata hanya. Taubashi ba ya fushi da taubashi; wanda ya ɓata rai shi ne ya ji kunya, shi za a yi wa faɗa a ce bai san zumunci ba. Ta mayar mini da cewa ita ko ba komai rago ɗaya ta kashe, ni kuwa ba angon da ya sa ɗinkina ya fita da mutuncinsa. Aka ƙara dariya, ta shige gida.

Na ɗauka a nan zai tsaya. Sunan ya riga ni haye gada. Kwana uku bayan salla na shiga faba-faba na ji wasu mata biyu da ban taɓa gani ba suna labarin Likitar Mushe da ta kashe raguna bakwai a gida ɗaya. A Turaku dillalai suka ɗauka. In ta ratsa sai wani ya rungume ragonsa yana salati, kuma su ba taubasanta ba ne, ba su da izinin, amma wa zai hana tunda daga gida aka fito da shi. Masu kira suka fara cewa a turo musu dattijon, ban da yarinyar nan.

Sai Kadi ta canza. Ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta daina zuwa aiki ba. In an kira ta ga dabba a kwance, sai ta tsaya ta dube ta, ta taɓa kunne, ta dubi mai wuƙa ta ce ku yanka. Jakar ma ba ta sauke ta daga moto. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga nan kasuwarta ta dawo. Aka shiga yabonta, wai yanzu ta san aiki, ba ta sa talaka asara. Wani mahauci ya gaya mini da bakinsa cewa duk Yamai ba likita mai hankalinta. Ita kuwa ta rame har bulus ɗin ya koma kamar na aro. Ta daina cin nama. In ta dawo gida ta wuce turke ba ta waiwaya, ita da a da sai ta gaisa da kowace akuya da sunanta.

Wata Talata Likita Yacouba ya shigo shagona da wando a hannu, wai a kama masa ƙafa. Wandon lafiyarsa lau. Ya zauna a benci ya miƙe gurguwar gwiwarsa, ya ce shi ba gyara ya kawo shi ba. Ya ce a fadarsu Kadi ce ke zaunar da sababbi tana gaya musu mutuwar dabba a hannu ba zunubi ba ce, ita ta hana biyu daga cikinsu ajiye aiki a bana, amma ita ba ta taɓa buɗe baki ta ambaci ragon gwaggonta ba. In aka zo kanta sai ta tashi zuba shayi. Ya ce shekara talatin yana wannan aiki, ya ga waɗanda ƙaho ya kora, ya ga waɗanda gajiya ta kora, bai taɓa ganin wadda dariya ta kora ba. Na ce Baba ai wasa ne, wasan da muka gada. Ya ce ya sani, shi ya sa ba ta da inda za ta kai ƙara.

"Kai ka sa sunan," in ji shi. "Ka san yadda za ka yi ka cire."

Na gwada, Allah ne shaida. Na shiga fadar unguwa na ce daga yau sunanta Likitar Rai, aka ce wannan ba daɗi, na farkon ya fi zama. Na ba da labarin ledar, aka ce ashe har bayan ya mutu ba ta ƙyale shi ba. Daga ƙarshe na same ta a tsakar gida tana wanke takalmin aiki, na tsuguna na ce ta yafe mini. Ta dube ni tana jiran inda zan ɓullo. Na sake faɗa. Sai ta yi dariya ta ce wannan sabon salo ne, a ina na koyo, kuma in tashi kar in karya mata bokiti da nauyin zunubi. A nan na gane ramin da na faɗa. Shekara talatin da biyu ban taɓa gaya wa Kadi magana ɗaya ta gaske ba. Duk abin da ya fito daga bakina zuwa kunnenta wasa ne, har da wannan.

Bayan damina Inna ta sayi tunkiya mai ciki, ta ce ta gaji da kiwon abin yanka. Ranar haihuwarta tun da safe take naƙuda, har azahar ba abin da ya fito sai kan kofato ɗaya. Ta kwanta tana nishi. Aka kira Kadi. Ta zo ta tsaya, ta shafa cikin, ta ɗaga wutsiya ta duba, ta ce a yanka.

Wuƙar tana hannuna. Na zagaya na jefa ta kan rufin ɗaki, kowa ya ji ƙararta a kan kwano. Na ce Kadi ki ɗauki minti goma, ki ɗauki awa goma, in ta mutu ni na kashe ta. Matan gida da maƙwabtan da suka taru suka fashe da dariya, wata ta ce Sadiƙ ba ya gajiya. Na rantse da Allah da gaske nake. Dariyar ta ƙaru.

Kadi ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallona.

"Sadiƙ, ko yau ma?"

Na ce wallahi ba wasa. Ban sani ba ko ta yarda. Ta je moto ta kwance jakar, ta zura doguwar safa har kafaɗa, ta durƙusa bayan tunkiyar. Ina kusa, na ga hannun. Ta kai shi ta dawo da shi, ta sake kaiwa. Wani maƙwabci ya riga ya aika an ɗauko tasa wuƙar, ya zo ya tsaya a kanta yana gwada kaifin da babban yatsa. Ta ɗaga kai ta gan shi. Sai ta zare safar a hankali ta naɗe.

"Gwaggo, ku yanka. Kar ki yi asara sau biyu a hannuna."

Aka yanka. Da aka feɗe, ƴaƴa biyu ne a ciki, cikakku, har da gashinsu. Inna ta sa wa Kadi albarka, ta ce ko ba komai an tsira da nama, ta aika mata da hanta. Daga baya Likita Yacouba ya gaya mini Kadi da kanta ta faɗa a fada ranar Asabar, karo na farko da ta yi magana a kan kanta. Ta ce ƙafa ɗaya ce ta ɗan da ke gaba ta lanƙwashe baya. Abin da a da take gyarawa waya maƙale a kafaɗa tana yi wa wani kwatance.

Yanzu Kadi tana wani kanti na abincin kaji a hanyar filin jirgi, tana zaune ƙarƙashin fanka tana gaya wa masu saye wane buhu ne na ƴan tsaki wane ne na masu ƙwai. Ta yi ƙiba kaɗan. Kawu ya ce ya fi mata, aikin mata ke nan. Fadar Asabar kuwa ba ta fasa ba ko sau ɗaya. Ita ke zagayawa da ƙwaryar wayoyi, ita ke tsara ranar hutun kowa, ita ke bin sababbi har gida in ta ji sun fara sanyi. Tana riƙe mutane a aikin da ita ta bari, kuma an ce ba wanda ya iya kamarta.

Sati uku da suka wuce ta tsaya a ƙofar shagona, ba ta kashe moto ba. Ta miƙo mini leda. Bulus ɗin ne, a wanke a goge. Ta ce akwai wata Anisa da ta gama karatu bana, ba ta da riga mai kauri. In warware sunan, in rage kafaɗa, in rubuta na yarinyar. Na nemi abin tsokana a bakina ban samu ba. Na ce yaushe take so.

"Ka dai yi mini alheri ɗaya, tela," ta ce. "Kar ka ce minti goma."

Ta yi dariya ta ja moto. Warware suna aikin ɗan lokaci ne, reza da tsinken allura. Rigar tana nan rataye a ƙusa bayan kekena, koren zaren ko ɗaya ban taɓa ba. Kowace Asabar in za ta fada sai ta rage gudu ta tambaya ko an gama, in ce mata zare ya yanke a kasuwa. Ta ce maƙaryacin banza, ta wuce.